Gidan Zanzaro a Ɗakin Inna

Wata safiyar Laraba ce a tsakiyar ɗari, shekarar da ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa Zariya, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, aka aike ni ɗakin mahaifiyata in karɓo allin kaɗi. Na ɗaga asabari, sai na same ta tsaye a kan turmi. Ta kifa shi a jikin bango, ta yi ɗaurin ƙirji duk da sanyin da ake yi, hannunta na hagu riƙe da sakaina mai ɗanyar laka. Can sama, inda bango ya haɗu da jinka, akwai wani gidan zanzaro da bai wuce dunƙulen hannun jariri ba. Tana lakato laka da ɗan yatsa tana toshe wani ƙaramin rami a jikinsa, a hankali, har numfashi take riƙewa. Da ta ji motsina ta waiwayo, muka haɗa ido. Ta dubi ƙyauren ɗaki ta ce, "Wasu idanu dai ba su ga komai ba." Na ɗauki allin a kan faifai na fita.

Haka Inna take yi mini magana kullum, ta bakin ƙyaure ko ta bakin randa. Ni ce 'yar farinta, a zamaninmu kuwa mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Kunya ke nan. Ga shi kuma sunan surukarta aka sa mini, wato kakata ta wajen uba da muke kira Iya, don haka sunana ya haramta a bakinta ta hanya biyu. Tun da aka yaye ni aka mayar da ni ɗakin Iya, can nake kwana, can nake ci. In Inna ta soya gyaɗa ko ta gasa rogo tana so in samu, sai ta ajiye a kan murfin randa ta ɗaga murya ta ce, "Akwai abu a nan, kada kaji su ci." Ni kuma in lallaɓa in ɗauka. 'Yan yanzu in na ba su labari sai su ce ai wannan ƙiyayya ce. Ƙarya suke yi! Ba su san komai ba. Ban taɓa kwana ina shakkar matar nan tana sona ba.

Tudun Wada a lokacin ba gari ba ce, sabuwar unguwa ce ta baƙi a wajen ganuwa, kowa da inda ya fito. Babana daga ƙasar Kano ya zo da jakunansa, ya kafa danga ta karan dawa, ya yi zaure da ɗakuna na jinka, da rumbu, da turke a bayan gida. Da kaka in auduga ta fito, shi ke bin ƙauyuka yana ɗauko ta a mangala zuwa inda Turawa ke awo, sai mu yi kwanaki ba mu gan shi ba. A gida akwai Iya, da Inna, da ƙanwar Baba mai suna Gwaggo Ladi wadda mijinta ya rasu ta dawo, sai ni. Da asuba nake tashi in ɗebo wuta a maƙwabta a cikin katangar fasasshen tulu, in share tsakar gida, in tafi makarantar allo, in dawo in zauna gurzar auduga har yatsuna su yi tsami. Da yamma mu yi carafke da 'yan duwatsu a ƙofar gida, ko mu ɗinka wa 'yar tsanar kara zani da tsumma. In muka ji kukan jirgi kuwa, sai kowa ya watsar da abin da ke hannunsa mu ruga kan tudu mu ga hayaƙi, manya suna zaginmu suna cewa wata rana abin nan zai haɗiye mu.

Iya 'yar tsohuwa ce ƙarama, haƙoranta ja wur da goro, mazarinta ba ya barin hannunta. Ni tana sona, ba zan yi mata ƙarya a kabari ba, takwararta ce ni, kuma ƙosai mafi girma nawa ne. Amma Inna? Kai, Allah Ya raba mu da irin wannan zama. Bayan ni Inna ta haifi ɗa namiji, bai kai suna ba ya koma, daga nan shiru. Iya ta mayar da wannan shiru abin cin tuwonta. In Inna ta kawo mata abinci ta durƙusa, sai ta kalli turke ta ce, "Akuyar can ta fi wasu amfani, ita ko ba komai duk shekara tana ajiye mana biyu." Inna da bakinta ta ce Baba ya ƙaro aure, ba ta ƙi ba. Iya ta ce ɗakin mace ɗaya ne a gidan, hatsin rumbu kuma ba na ciyar da juya ba ne. So take a saki Inna a kawo wata. Kowa kuma ya san in an saki mace tafiya take yi ita kaɗai, 'ya'ya na uba ne. Ko ni da ƙuruciyata na san wannan.

A daminar shekarar nan har Iya ta gama da Baba, ana jiran a sami ranar da zai furta sakin, sai zanzaro ya shigo. Gwaggo Ladi ce ta fara ganinsa yana shawagi da laka a baki yana shiga ɗakin Inna, ta kuwa rangaɗa guɗa a tsakar gida. A wajen matan zamaninmu, zanzaro ba ya gini a ɗakin mace a banza, haihuwa yake kawowa. Ba a korarsa, ba a taɓa gidansa muddin 'ya'yansa na ciki a rufe, wanda ya fasa kuwa ya kori rabo da hannunsa. Maƙwabta suka shigo kallo, suna yi wa Inna barka tun ba a ga komai ba. Iya ta ga mutane sun yi yawa, ba damar ta yi gardama da abin da ita ma ta yarda da shi. Ta daɗe tana kallon ginin, sannan ta ce, "To, Kande, na ba ki har zanzaro ya tashi. Ran da ya fita ya bar gidansa kango, cikinki kuma wayam, ki bi shi." Kande shi ne sunan Inna.

Daga ranar auren uwata ya rataya a jikin dunƙulen laka. Ta daina hura wuta a ɗaki don kada hayaƙi ya dame shi. Ta bar asabari a ɗage ko ana ruwa da iska. Ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, ta yi ta azumi. Damina ta wuce, aka yi girbi, ɗari ya kama, ciki bai zo ba. A irin sanyin Zariya kowa na kwana da garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa, ita kaɗai ke kwana a ɗaki mai sanyi ƙalau, ƙafafunta suka yi faso har suna jini. Sai ramuka suka fara bayyana a jikin ginin, ɗaya bayan ɗaya, alamar 'ya'yan sun huda sun fice. Gwaggo Ladi ta taɓa cewa wani zanzaron yakan zauna a rufe har wata damina ta zagayo, to wannan maganar Inna ta kama. Duk ramin da ya buɗe sai ta toshe, abin da na same ta tana yi ke nan. Kuskurenta ɗaya, lakar zanzaro baƙa ce ta bakin rijiya, tata kuwa jar ƙasa ce da ta kankaro a gindin bango. Ta shafa toka a kai don launi ya zo ɗaya, bai zo ba. Duk Juma'a Iya kan shiga ɗakin ta ɗaga kai ta duba, ta yi ɗan murmushi ta fito. Sai da na girma na gane ta sani tun ramin farko. Jira kawai take yi, don so take Inna ta faɗa da bakinta.

Ana haka hangum ya shiga makarantarmu, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya. Na tashi wata safiya muƙamuƙina ya kumbura suntum, ko koko ba ya wucewa, jikina zafi zau. Maganin hangum kuwa ba ɓoyayye ba ne, kowace tsohuwa ta san shi. Tsohon gidan zanzaro da mai shi ya tashi ake ɓamɓarowa, a niƙa, a kwaɓa da ruwa, a shafe kumburin. Kuma a lokacin ɗari ba abin da ya kai shi arha. Akwai shi a zaure, akwai a gindin rumbu, a rumfar jakuna kuwa ba a magana, mu yara har fasa su muke yi don mu ga busassun gizo-gizon da ke ciki. Gwaggo Ladi ta miƙe za ta ɗauko na zaure, Iya ta ce, "Zauna. Ƙasar da ta sha warin jaki da hayaƙin tabar maza ba za ta taɓa fuskar takwarata ba. Na ɗakin uwar yaro shi ne magani." Wallahi ban taɓa jin wannan ƙa'ida ba kafin ranar, ban kuma ƙara jin ta a bakin kowa ba har yau. A take ta ƙirƙiro ta.

Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin Inna, wai in sha hantsi. Ta zauna kusa da kaina da mazarinta, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji ta bayan danga. "Kande! Na ɗakinki da mai shi a ciki, ko ya tashi? In da mai shi, ba mai taɓa shi, yarinya ta yi ta fama. In kuwa kango ne, kawo mu yi magani." Inna na surfe a lokacin, ta juya mana baya. In ta ce da mai shi, ta bar 'yarta cikin ciwo da saninta. In ta ce kango ne, ta saki kanta. Ranar haka aka wuni, ni ina nishi, Iya na kaɗi, taɓarya na sauka ba bisa ƙa'ida ba. Washegari kumburin ya koma ɗaya ɓangaren, fuskata ta zama kamar ƙwarya. Iya ta shiga ba da labarin wata yarinya a garinsu da aka yi wa sakaci da hangum, ya shige kunne, ta zama kurma, har ta mutu ba ta ƙara jin kiran salla ba. Ta faɗa ta sake faɗa, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ɗauko daga farko. Gwaggo Ladi ta kasa daurewa, ta zagaya ta ɓamɓaro ɗaya a gindin rumbu ta ɓoye a bakin zani. Iya ta gani. Ta karɓe, ta jefar a ƙasa, ta murje shi da diddige, ta kwaɗa wa Gwaggo mari, mace mai 'ya'ya da ta yi takaba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tabarmar nan ba. Abin da na sani, da zazzaɓin ya hau kaina sosai na manta da duk wata kunya, na buɗe baki iya yadda zai buɗu na ce, "Inna." Sau ɗaya na faɗa. Taɓarya ta tsaya. Ta jingine ta, ta juye hatsin a ƙwarya, ta gangara turmin zuwa cikin ɗaki. Jim kaɗan ta fito da gidan zanzaro a tafin hannunta, ta nufi bayan ɗaki za ta niƙa a ɓoye. Iya ta ce, "A'a, a nan. A gaban kowa." Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Inna ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta ɗora ɗan dutse a kai, ginin ya fashe. Ba komai a ciki sai busassun ɓawo da ƙafafun gizo-gizo, sai kuma 'yan dunƙulen jar laka da suka gangaro gefe. Iya ta tsinci ɗaya ta ɗaga sama tana juya shi a rana ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga zanzaro mai yatsu biyar." Wasu suka yi dariya. Matan da suka yi mata barka da damina, su ne dai suka yi dariyar. Tir da halin mutane.

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta niƙa ƙasar lukwi, ta zuba a sakaina, ta kwaɓa. Gwaggo Ladi ta miƙa hannu za ta karɓa, don a al'ada ita ya kamata ta shafa mini, uwa ba ta taɓa 'yar fari a bainar jama'a. Inna ba ta ba ta ba. Ta tako har tabarmar, ta durƙusa, ta tallafi haɓata da hannu ɗaya, ta fara shafawa da ɗayan. Tun da na yi wayo hannunta bai taɓa hawa fuskata ba sai ranar. Sanyi gare shi, ga kaushi. Ta bi daga ƙarƙashin kunne zuwa haɓa, ta koma ɗaya gefen, ta sake dawowa. Lakar ta ƙare a sakaina amma ba ta daina ba, ta ci gaba da shafawa da hannu zalla. Na ji wata tana cewa, "A'a! 'Yar farin ce fa!" Iya ta tofar da tukar goro ta ce, "Ga rashin haihuwa, ga ƙarya, ga rashin kunya. Me ya rage?"

Baba ya dawo da la'asar. Ko mangala bai sauke wa jakuna ba Iya ta tare shi a bakin zaure, ta buɗe masa tafin hannu ta nuna masa jar lakar. Na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Iya, a yi haƙuri zuwa damina." Ta ce, "In matar nan ta ƙara wuni a gidan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Shi ke nan. Allah Ya jiƙan Baba, mutum ne mai tausayin dabba, ko jakinsa ba ya duka, amma a gaban uwarsa rago ne, kuma zan faɗa ko'ina. Ya shiga zaure ya zauna har aka kira magariba, ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya faɗi kalmar saki ba tare da ya leƙa ba. Bai ko tambayi jikina ba, don shi ma kunyar 'yar fari yake yi.

Da safe Inna ta haɗa 'yan ƙorenta da tabarmarta a cikin babbar ƙwarya. Garinsu can wajen Kudan ne, akwai mata masu daddawa da suka kwana a unguwarmu za su koma, su za ta bi. Iya ta kwaɓa ragowar ƙasar da ta kankare a dutsen niƙa ta sake shafa mini a fuska, ta kwantar da ni a inda nake jiya, don in gani. Da Gwaggo ta taya Inna ɗora kaya, sai kuka ya ƙwace mini. Lakar ta fara bushewa, kukan ya sa ta tsage, hawaye na wanke ta. Iya ta murɗe mini cinya ta ce, "Rufe mini baki, kina ɓata magani." Na so in kira Inna, muƙamuƙin ya ƙi buɗuwa, sai wani gurnani ke fita. Ta kai bakin zaure ta tsaya da kaya a ka. Na ɗauka za ta juyo. Ba ta juyo ba, jiya ta riga ta kashe duk ƙarfin halin da take da shi. Ta dubi randar da ke gefe ta ce, "A riƙa rufe wa wasu kai da safe, akwai sanyi." Ta sunkuya ta fita.

Na warke ba da daɗewa ba, kumburin ya sace, na koma makaranta. Kafin ruwan farko an kawo wata mata ɗakin, an hura wuta a ciki. Inna ta yi aure a wani ƙauye can gaba da garinsu. Ba ta aiko ba, don ba ta da bakin tambayar 'yar fari a gidan da aka kore ta, ni kuma ba wanda zai kai ni. Ina cikin wankan jegon haihuwata ta farko wani mai jaki ya shaida wa Baba ta rasu tun bara waccan. Ban ƙara ganinta ba ke nan tun daga bakin zaure. Iya kuwa ta yi tsawon rai, a hannuna ta cika, ni na yi jinyarta, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci maganar ba.

Yanzu Tudun Wada ta cika ta batse, gidajen bulo da rufin kwano, ga lantarki, ba danga ba rumbu, inda turkenmu yake ma shagon tela ne. Bara ɗan jikata ya kamu da hangum. Ita jikar tawa aikin jinya take yi a asibiti. Na ce a dubo tsohon gidan zanzaro a bayan gida, sai ta fashe da dariya ta ce, "Haba Kaka, hangum ai ba shi da magani, da kansa yake warkewa. A shafa ko kada a shafa, duk ɗaya ne." Tana faɗa tana rungume da yaron a cinya, ɗan farinta, tana sumbatar kumatunsa tana kiran sunansa a gaban kowa, har da surukarta a zaune. Na ja sandata na shige ɗaki. Ashe da Inna ta ƙara cije haƙori kaɗan da na tashi garau, da wataƙila ta ƙara damina ɗaya a gidan ina ganin giftawarta. Na zauna a bakin gado ina so in ji haushin wannan asara, na kasa. Da ta daure, da har ta mutu ban san yadda hannunta yake ba. Duk abin da na samu na uwa a duniya ke nan, kuma da aurenta ta saya mini shi.